Giyar da moto ke sauyawa: me ke faruwa idan sensa ta daina faɗin gaskiya?

Mota ta tsaya a danja tana aiki lafiya lau. Aka ba da hannu, direba ya ɗaga ƙafa daga birki ya taka totur, inji ya yi ƙara, amma mota ko gezau. A dashbod harafin N yana ta ƙyaftawa. Ya kashe inji, ya jira kamar minti ɗaya, ya sake kunnawa, sai ga giya ta shiga kamar ba a yi komai ba. Bayan kwana biyu ta maimaita, wannan karon ko tashi ta ƙi yi. In aka kai ta gareji, hukuncin da aka fi yankewa shi ne giya ta mutu, a je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo wata.

Masu Toyota Yaris, Auris da Corolla Verso 'yan Beljiyam sun san wannan ciwon. Masu Opel Corsa, Meriva da Zafira kuma harafin F suke gani a inda lambar giya take fitowa. Sau da yawa haƙoran ƙarfen da ke cikin giyabos lafiyarsu ƙalau. Kwamfutar giya ce ta daina yarda da labarin da wata sensa ke kawo mata, ta ɗauki matakin da aka tsara mata tun daga masana'anta.

## Abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya

Akcuweta ita ce na'urar da ke mayar da umarnin lantarki ya zama motsi. A nan aikinta shi ne aikin hannu da ƙafar direba: ta tura, ta ja, ta juya. A cikinta akwai ƙaramin injin lantarki, wato moto, ɗan'uwan wanda ke cikin kik ko mai ɗaga gilashin ƙofa. Sensa kuwa ita ke gaya wa kwamfuta inda ƙarfen ya kai. Kwamfutar giya, wadda masu wayarin ke kira birenbos na giya, ba ta ganin komai da kanta. Duk abin da ta sani game da giyar da mota ke ciki, daga bakin sensa ta ji shi.

Motocin da ke da wannan tsari iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana jawo asarar kuɗi.

Na farko giyar manuwal ce cak, da kulocinta da komai, sai dai an cire feda na uku an ɗora moto a kai. Toyota ta sa wa tata suna MMT, Opel ta ce Easytronic, Honda ta ce i-Shift a Civic da Jazz na Turai, Citroën ta ce SensoDrive, Peugeot kuma 2-Tronic. Yawanci moto uku ne: ɗaya na taka kuloci, ɗaya na zaɓen layi, wato motsin hagu da dama da hannu ke yi a giyar manuwal, ɗaya na cusa giya gaba ko baya. Giyar Ford PowerShift mai busasshen kuloci biyu, wadda aka sa a Fiesta da Focus tun wajajen 2011 da 2012, ita ma moto ke yi mata aikin duka. Ba kowace giya irin wannan ce ke amfani da moto ba. Selespeed ta Alfa Romeo da Dualogic ta Fiat da matsin mai suke aiki, manyan motoci kuma irin masu Volvo I-Shift ko ZF AS Tronic da iska suke sauya giya. Amma dukkansu a kan sensa suka dogara, don haka yawancin bayanin nan ya shafe su.

Na biyu giyar otomatik ce ko ta motar haibirid ko ta lantarki, wadda aka cire mata kebur ɗin da ke haɗa sandar giya da giyabos. Direba yana danna maɓalli ko ya murɗa wani ɗan mulmulallen abu, saƙo ya bi waya, sannan na'ura ta aiwatar da P, R, N ko D. BMW ta fito da irin wannan a jerin 7 a 2001, Toyota Prius ta bi a 2003, Jaguar XF ta zo da na murɗawa a 2008. A wasu motocin moto ke juya sandar zaɓen duka matsayin huɗu, a wasu kuma, kamar Prius, aikin moton kawai ya sa makullin fakin ko ya cire.

Kamfanoni sun bar kebur saboda dalilai na zahiri. An sami fili a tsakanin kujeru, kebur ya daina shigo da ƙara da girgiza, kuma kwamfuta ta sami ikon ƙin bin umarni mai haɗari, ko ta sa fakin da kanta idan direba ya buɗe ƙofa ya manta. Abin da aka rasa shi ne shaidar da hannu ke ji. Da kebur, inda sanda take nan giya take. Da waya, sai an tambaya.

## Cikin akcuwetar fakin

Idan aka buɗe, za a ga moto yana juya wasu ƙananan haƙora da ke rage gudu su ƙara ƙarfi, su kuma su juya wata sanda da ta shiga cikin giyabos. A jikin sandar akwai farantin ƙarfe mai tudu da kwari a gefensa, kamar bakin zarto mai manyan haƙora. Wani sifirin mai faɗi yana danne wata 'yar rola a kan gefen farantin. Kowane kwari matsayi ne guda. Idan faranti ya juya zuwa kwarin P, yana tura wata siririyar sanda mai kai kamar mazurari, ita kuma ta ɗaga sakata ta faɗa tsakanin haƙoran wani gargare da ke haɗe da ƙafafun mota. Wannan sakatar, wadda ba ta fi yatsa biyu kauri ba, ita ce fakin gaba ɗaya.

Rolar nan da sifirinta suna da amfani fiye da yadda ake zato. Moto ba ya buƙatar kai faranti daidai tsakiyar kwari. Da zarar rola ta haye tudu, sifirin zai ja ta ta gangara ta zauna da kanta. Wannan ne ya sa ake iya sauya matsayi ko da wata sensa ta mutu, kamar yadda za a gani.

Sensa biyu ake yawan sa wa irin wannan akcuweta. Ta farko inkoda ce, tana jikin moto. Maganaɗisu yana juyawa tare da moton, wasu ƙananan idanu biyu na lantarki suna ƙirga wucewarsa. An jera su yadda ɗaya ke riga ɗaya gani, don haka kwamfuta na sanin yawan juyi da kuma ɓangaren da ake juyawa. Rauninta shi ne ƙirga kawai ta iya, ba ta san daga ina aka fara ba. Shi ya sa a wasu tsare-tsaren kwamfuta ke tura moton a hankali har rola ta daki bangon ƙarshe na ɓangaren P, ta ce to nan ne sifili, ta fara lissafi daga nan. Ta biyu tana kan sandar da ke fita, ita kuma kai tsaye take faɗin kusurwar da faranti yake, ko an cire batir an mayar.

A giyar manuwal mai moto lissafin ɗaya ne, sai dai kowane moto da sensar da ke auna tafiyarsa: nisan da kuloci ya buɗe, layin da aka zaɓa, zurfin da giya ta shiga.

## Yadda kwamfuta ke kama sensa da ƙarya

Yawancin sensocin matsayi waya uku ne da su: wutar volt 5 daga kwamfuta, at, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da wayar saƙo. An tsara su yadda saƙon lafiya ke yawo tsakanin kusan volt 0.5 da 4.5, ba ya taɓa sifili, ba ya taɓa 5. Da gangan aka bar wannan gefen. Idan kwamfuta ta ga sifili, ta san waya ta yanke ko ta taɓa bodi. Idan ta ga 5 cif, ta san at ya katse ko wayar saƙo ta haɗu da ta wuta. Wannan shi ne lalacewa mafi sauƙin ganewa.

Mai wuyar ita ce sensar da ke ba da lamba mai kama da gaskiya alhali ƙarya ce. Tana iya maƙalewa a volt 2 ko ƙarfe na motsi ko ba ya motsi. Tana iya zamewa kaɗan kaɗan saboda maganaɗisu ya saki, ko tsatsa ta hau soket ta rage wutar. A nan dabaru uku ake haɗawa.

Ɗaya ita ce a sa sensa biyu a gida ɗaya. A wani tsarin da aka saba, ɗaya na hawa yayin da ɗaya ke sauka, jimillarsu kullum kusan volt 5. Idan ta farko ta ce 1.5, dole ta biyu ta ce kusan 3.5. Da jimillar ta kauce, an san akwai mai ƙarya. Sai dai biyu suna nuna akwai saɓani ne kawai, ba sa nuna wace ce mai laifi. Raba gardama sai da shaida ta uku.

Shaidar ta uku takan fito daga moton kansa. Kwamfuta ta san ta ba shi wuta, ta san yawan wutar da yake ja. Idan yana jan wuta daidai ta mai tafiya amma sensa ta ce ba a motsa ba, zargi ya koma kan sensa. Idan wutar ta yi sama sosai kuma sensa ta ce ba a motsa ba, to sensa gaskiya ta faɗa, wani abu ne ya cije.

Akwai kuma lissafin gudu. Kowace giya tana da rabonta tsakanin juyin sandar da ke shigo da ƙarfin inji cikin giyabos da ta fita zuwa ƙafafu. A ce rabon giya ta ɗaya 3.5 ne: idan sandar shiga na juyi 2,100 a minti, dole ta fita ta yi 600. In sensar matsayi ta ce ana giya ta ɗaya amma lissafi ya nuna rabon ta uku, kwamfuta za ta fi gaskata lissafi. Raunin wannan dabara shi ne sai mota na tafiya take aiki. A tsaye, wurin da aka fi buƙatar sanin ko D aka shiga ko R, ba ta da abin faɗa.

Kwamfuta ba ta yanke hukunci da kuskure ɗaya. Sai matsalar ta ɗore na wani ɗan lokaci, ko ta maimaitu, sannan ta rubuta lambar kuskure ta kunna fitilar gargaɗi. Wannan ne ya sa kashe mota da kunnawa ke “gyara” ta na ɗan lokaci: an share hukuncin wannan tafiyar, an fara sabon sauraro, amma soket ɗin da ya yi tsatsa yana nan yadda yake.

## Matakin da ake ɗauka

Abin da zai biyo baya ya danganta da wace sensa ce ta faɗi da kuma me ya rage.

Idan inkoda ce ta mutu a moton da ba shi da burushi, wato 'yan guntayen gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, matsalar babba ce, domin da ita kwamfuta ke sanin wane naɗin waya za ta ba wuta a kowane lokaci. Mafitar da aka saba ita ce a koma tuƙin makaho: a riƙa ba naɗe-naɗen wuta bi da bi a kan ƙayyadadden lokaci, a hankali, yadda moton zai bi taki bayan taki ba tare da ya zame ba. Ana ƙirga takun, sifirin ya ƙarasa jan rola cikin kwari, sensar sandar da ke fita daga akcuweta ta tabbatar an isa. Direba zai ji giya na jinkirin shiga. Moton kuma yana zafi fiye da kima a wannan yanayi, shi ya sa kwamfuta kan taƙaita yawan sauyin da za a yi a jere.

Idan sensar sandar fita ce ta mutu inkoda na da rai, ana iya komawa ga dukan bango a samo sifili, a ci gaba da ƙirga. Idan duka biyun suka tafi, babu sauran abin dogaro. Mota za ta ƙi sauya matsayi, ta yanke ƙarfin inji zuwa ƙafafu, ta nemi a ja birkin hannu. Saƙon da Prius ke nunawa idan makullin fakin ya sami matsala ke nan: a tsaya a wuri mai lebur, a ja birkin fakin sosai.

A giyar manuwal mai moto, matakin ya fi tsauri. In ba a san inda kuloci yake ba, ba za a iya haɗa shi a hankali ba, mota na iya zabura. In ba a san layin da aka zaɓa ba, ana iya cusa giya ta biyu a maimakon ta huɗu ana cikin gudu, inji ya wuce iyakarsa. Don haka idan ana tafiya, kwamfuta kan riƙe giyar da ake ciki ta hana sauyi har a tsaya, ko ta buɗe kuloci ta koma firi. Bayan an tsaya, in ba ta tabbatar da firi ba, ba za ta bar kik ya juya ba. Nan ne mai mota ke cewa “ko ƙyas ba ta yi”, a fara zargin kik da batir.

## Tsayawa ko lallaɓawa

A nan masu ƙera motoci ba su bi hanya ɗaya ba, kuma kowane ɓangare da hujjarsa.

Masu fifita tsayawa suna duba munin abin da zai iya faruwa. Mafi haɗari a wannan fanni su ne mota ta tafi baya alhali direba ya zaɓi gaba, ta nuna P alhali sakata ba ta shiga ba, ko ta fita daga fakin ba kowa a ciki. Ƙa'idar ISO 26262, wadda ta fito a 2011 aka sabunta ta a 2018, ta tanadi a auna kowane haɗari da abu uku: munin raunin da zai jawo, yawan faruwar yanayin, da ko direba zai iya shawo kansa. Daga nan ake ba shi matsayi daga A zuwa D. Idan aka bi wannan ma'auni, motar da ta ƙi motsi ta fi motar da ta motsa ba daidai ba.

Masu fifita lallaɓawa suna cewa tsayawar ma haɗari ce. Motar da ta koma firi a tsakiyar mahaɗa, ko ana cikin wuce tirela, ba ta tsira ba. Ga wanda ke kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ko tsakanin Agadas da Zinder, motar da ta ƙi shiga giya saboda waya ɗaya ta saki ba ƙaramar magana ba ce. Amsarsu ita ce a ninka sensa, a ninka naɗin moto, wani lokaci har da ƙaramar ma'ajiyar wuta ta ko-ta-kwana don a iya sa fakin idan batir ya mutu. Wannan yana ƙara kuɗi, yana kuma ƙara yawan abin da zai iya lalacewa. Ƙananan motocin Turai masu araha, waɗanda su ne suka fi zuwa kasuwanninmu da irin wannan giya, sun fi karkata ga tsayawa.

Akwai kuma ɓangaren da ba na sensa ba, wato ko direba ya fahimci abin da mota ke gaya masa. A Afrilun 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 1.1, ciki har da Jeep Grand Cherokee na 2014 da 2015, saboda sandar giyarsu tana komawa tsakiya bayan kowane turi, mutane suna fita suna zaton sun sa fakin. A watan Yunin shekarar ɗan wasan fim Anton Yelchin ya rasu a Los Angeles bayan irin wannan motar ta gangaro ta matse shi. Na'urar tana yin abin da aka umarce ta, amma hannu ya daina ba direba shaida. Gyaran da aka yi shi ne manhajar da ke sa fakin da kanta idan an buɗe ƙofar direba.

## Lambar kuskure ba sunan kayan da za a saya ba ce

Tun 1996 a Amurka, da 2001 ga motocin fetur a Turai, motoci ke da soket ɗin gwaji mai rami 16. Lambobin da suka shafi wannan fanni sanannu ne. P0705 da P0706 na sensar matsayin P, R, N, D ne. P0805 zuwa P0808 na sensar kuloci. P0904 zuwa P0907 na sensar zaɓen layi, P0914 zuwa P0917 na sensar shigar giya. U0101 na nufin sauran kwamfutocin mota sun daina jin ta giya. P0700 kuwa ba ta faɗin komai sai cewa kwamfutar giya na da ƙorafi, a shiga can a karanta. Ƙaramar na'urar da ke karanta inji kaɗai a nan take tsayawa.

Waɗanda suka fi ruɗa mutane su ne P0810, P0909 da P0919. Ma'anarsu an umarci kuloci ko giya su je wani wuri, ba su isa a kan lokaci ba. Ba su ce sensa ta lalace ba. Sau da yawa sensar ce ma ke faɗin gaskiya. Kuloci ya cinye har tafiyarsa ta wuce abin da kwamfuta ta koya, ko faranti mai danna shi ya yi tauri, ko giris ɗin cikin akcuweta ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar ƙullu, ko burushin moto ya ƙare. A Easytronic ƙarewar burushin moton kuloci sanannen abu ne, kuma da yake wannan akcuwetar da man birki take tura kuloci, iska a cikin layin ma tana kawo F.

Bincike mai kyau daga wuta yake farawa. Moton kuloci yana fizgar wuta mai yawa a ɗan lokaci, don haka batir mai rauni zai sa wutar ta faɗi daidai lokacin sauya giya, sensoci su ba da lambar banza. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6. Idan 12.0 yake nunawa, ya yi ƙasa sosai. Lokacin tayar da inji bai kamata ya sauka ƙasa da kusan 9.6 ba, kuma inji na aiki a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Sai wayar at da ke tsakanin batir, bodi da giyabos: a auna faɗuwar wuta a kanta ana cikin aiki, in ta wuce kusan volt 0.2 a kwance a goge. Bayan nan fiyus da rile na moton, wato makunnin lantarki da ke sakar masa wuta, sannan makunnin fitilar birki da ke saman feda. Wannan ɗan abu mai araha in ya mutu kwamfuta ba za ta san an taka birki ba, ba za ta bar mota ta tashi ko ta fita daga fakin ba. A sa wani ya tsaya a baya ya duba ko fitilun birki na kamawa.

Daga nan a zare soket na akcuweta a haska da tocila. Kore ko farin gari a kan fil alamar ruwa ne, kuma a nan wankin inji da ruwa mai ƙarfi da kutsawa cikin ambaliyar damina suke barin sawunsu. A tabbatar da volt 5 da at a bakin sensa. Sannan a buɗe bayanan kai tsaye a na'urar gwaji, a kalli lambar sensa ana sauya giya, ana kuma girgiza damin wayoyi da hannu. Lambar da ke tafiya sumul ta sensa mai lafiya ce. Wadda ke tsalle idan an taɓa waya ta nuna inda ciwon yake. Idan U0101 ce ta fito, a cire kan batir a auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin gwaji. Kusan om 60 ake nema, om kuwa shi ne ma'aunin yadda layi ke tauye wucewar wuta. In aka ga 120, layin ya yanke a wani wuri ko ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke rufe bakinsa ta fita.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe. Duk lokacin da aka canza kuloci, akcuweta, sensa ko kwamfutar giya, dole a share tsohon abin da ta koya a sa ta koyi sabo: inda kuloci ke fara kamawa, iyakar kowane layi, zurfin kowace giya. A Toyota MMT har akwai matsayin da ake kai akcuwetar kuloci da na'ura kafin a kwance ta. Wanda ya ɗaura sabon kuloci bai yi wannan ba, mota za ta riƙa fizga ko ta ƙi shiga giya, a ce kayan jabu ne, alhali kwamfuta na aiki da awon tsohon kuloci.

## Gyara, sauyawa, ko mayarwa manuwal

Gyaran akcuweta, wato sabon burushi, wanke tsohon giris, gyaran soket, shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma yana ɗorewa idan amecar moton, wato ɓangaren da ke juyawa a cikinsa, ba ta ƙone ba. Sai dai wasu sensocin a manne suke cikin gida ɗaya da kwamfuta, ba a sayar da su daban. A PowerShift ta Ford motocin sauya giya a jikin kwamfutar suke, kuma matsalar wannan kwamfutar ta yi yawan da kamfanin ya tsawaita garantinta a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wannan garantin ba ya bin mota zuwa Kwatano.

Sayen ta Beljiyam yana da sauri, amma shekarunta ɗaya da wadda aka cire, burushinta ma ya ci rabinsa. Dole lambar jikinta ta dace, kuma dole a yi mata koyo.

Mayarwa manuwal yana yiwuwa a iri na farko, ban da PowerShift mai kuloci biyu, tunda asalin giyar manuwal ce, kuma masu yin haka suna da hujja: an rabu da moto da sensa gaba ɗaya, kowane bakanike zai iya taɓa ta. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne aikin bai tsaya a feda, sanda da kebur ba. Kwamfutar inji za ta ci gaba da neman ta giya, izinin kik a wasu motocin ta hannun kwamfutar giya yake bi, haka fitilar ribas. In ba a sauya manhajar inji ko aka sa kwamfutar da ta dace da manuwal ba, fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba, kuma ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za a lura ba. A iri na biyu, mai maɓalli, babu wannan zaɓin sam.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne a haɗa waya a yaudari kwamfuta, misali a sa ta riƙa ganin firi ko birki kullum don mota ta tashi. Kariyar da ke hana mota tashi a cikin giya ita aka cire.

## Abin da ya rage ga mai mota da mai saye

A wurin saye, rashin feda na uku ba ya nufin otomatik ta gaske. Sandar da ke da R, N, E ko A da alamar ƙari da ragi, ba P, giyar manuwal ce mai moto. A gwada ta da sanyi, a sake gwadawa bayan ta yi zafi cikin cunkoso, domin moto mai gajiyayyen burushi sai ya ɗumama yake nuna hali. A sa na'urar da ke shiga kwamfutar giya.

A wurin tuƙi, busasshen kuloci ne a ciki, kuma yana ƙonewa kamar na kowace manuwal. Riƙe mota a kan tudu da totur, ko jan ta taku-taku a goslo, yana cinye shi, cinyewar kuma ita ke kai akcuweta ƙarshen tafiyarta. A tsayawa mai tsawo a koma N. Giyar da ba ta da P ba ta da sakatar fakin, don haka birkin hannu dole ne. A mai P ma, a kan gangara a fara jan birkin hannu kafin a danna P, don kada nauyin mota ya hau kan sakata moto ya kasa zare ta. Kafin a yi walda a jikin mota a cire kan batir.

Idan batir ya mutu mota na cikin P, maɓalli ba zai yi komai ba. A fara ba ta wuta daga wani batir, a taka birki, a gwada N. In ta ƙi, motoci da yawa suna da hanyar sakin fakin da hannu, wata a ƙarƙashin murfi kusa da sandar giya, wata a jikin giyabos daga ƙasa, kuma littafin motar yana nuna wurin. Kafin a saki a sa dutse ko katako a ƙafa, domin da sakata ta fita mota ta zama sakakka. Wasu kuma ba su da wannan hanyar, sai janwe ya ɗaga ƙafafun da inji ke ja daga ƙasa, ko a ɗora motar gaba ɗaya a bayan babbar mota. Jan ta da igiya tana cikin P yana iya karya sakatar, gutsuren ƙarfen kuma cikin giyabos zai faɗa.